Abin da Abokai Suka Gano wa Malamin Jami'a

Uwargida, ajiye tsintsiyar nan ki ɗan zauna, yau labarin wani mutumin ƙasar Holan na kawo mana.

Sunansa Henri Nouwen, limamin Kirista ne na ɗarikar Katolika, an haife shi a 1932. Ya koyar a Yale da Harvard, manyan jami'o'in Amurka, ya rubuta littattafai, ana gayyatarsa wa'azi ko'ina. Duk da haka zuciyarsa ba ta da natsuwa. A 1985 sai ya ajiye koyarwa, ya tafi wani ƙauye a Faransa mai suna Trosly, ya yi kusan shekara guda yana hutu da addu'a a cikin masu naƙasar ƙwaƙwalwa.

Tun a 1983 ya taɓa ganin wani hoto manne a ƙofar ofishin wata ma'aikaciya a ƙauyen nan, hoton kuwa ya tsaya masa a rai. Zanen Rembrandt ne, a kan wani misali da ke cikin Linjilar Luka, sura ta 15. Wani mutum ne da 'ya'ya biyu maza. Ƙaramin ya karɓi rabonsa na gado, ya shiga duniya ya cinye, ya dawo tsumma a jiki. Uban ya rungume shi, har ya yanka masa ɗan maraƙi. Babban wan kuwa, wanda bai taɓa barin gida ba, ya yi fushi ya ƙi shiga wajen walimar.

A 1986 wasu abokansa suka ce ya zo su tafi Rasha. A can Leningrad, birnin da yau ake kira Saint Petersburg, ya zauna awoyi a gaban ainihin zanen yana kallo. Shi dai a ganinsa shi ne ƙaramin ɗan, mai yawon duniya da ke neman hanyar gida.

To, ki saurara nan. Wani abokinsa ɗan Ingila ya ce masa, anya ba babban wan ne kai ba? Abin ya ba shi mamaki, amma da ya duba sai ya ga gaskiya ce. Shi ne ɗan fari a gidansu, mai biyayya tun yana yaro, bai taɓa kauce hanya ba. Amma a ƙarƙashin biyayyar akwai ƙorafi da hassada, da jin cewa ba a yaba masa yadda ya kamata. Ashe mutum yana iya ɓata alhali yana zaune cikin gida.

Bayan ya koma Kanada da zama, wani lokaci damuwa ta kwantar da shi. Wata abokiyar aikinsa ta je dubiya, ta ce masa ya isa haka nan neman wanda zai rarrashe shi. Lokaci ya yi da zai zama uban, mai buɗe hannu ya karɓi wasu. Daga waɗannan maganganu biyu littafinsa na 1992 ya fito. Ya rasu a 1996, yana kan hanyar komawa Rasha don a ɗauki fim a kan zanen.

'Yar'uwa, da yawa cikinmu mun san halin babban wan nan. Ke ce kika yi haƙuri, kika yi jinyar tsohuwa, kika riƙe ƙanne. Wanda ya yi shekaru ba ko gaisuwa ya dawo, ga shi an rasa inda za a ajiye shi don murna. Fuska na dariya, ciki na tafasa. Wa zai gaya miki? Ido ba ya ganin kansa.

Wannan mutum ya karanta littattafai ba iyaka, amma sai da ya tsaya da aiki, ya ba abokai kunne, sannan ya ga kansa. Mu ma muna samun irin wannan sarari, ko a kwana arba'in na jego, ko da hantsi bayan yara sun tafi makaranta. In aminiyarki ta shigo ta faɗa miki abin da ba ki so ji ba, kada ki yi saurin cewa baƙin ciki take miki. Ki kwana da maganar tukuna.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.