Jirgin Jet Ko Mai Farfela: Jawabi Kan Jirgin Da Ƙungiya Ke Shirin Saye



Kwamitin da kuka naɗa kan maganar jirgin ruwa ya gama zagayensa, ga kuma abin da muka samo. Kowa a nan Onitsha ya san halin Kogin Kwara. Daga Maris zuwa Mayu ruwa ya ja baya, tudun yashi ya fito, kogin Anambra da ke kai mu kasuwar Otuocha shi ma ya zama sai lallaɓawa. An ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro a 2009, amma wannan hanyar manyan jirage ce, ƙananan rassan da muke bi ba su cikin lissafi. Shi ya sa wasu matasanmu suka kawo shawarar a sayi jirgin jet, wai shi ba ruwansa da yashi.

To, maganarsu da gaskiya a ciki. Wani manomi ɗan ƙasar Niyu Zilan, Bill Hamilton, shi ya fito da wannan jirgi a 1954, don kogunan ƙasarsu masu tsakuwa ne marasa zurfi, farfela ba ta daɗewa cikinsu. Dabararsa ita ce kada a bar kome yana reto a ƙarƙashin jirgi. Inji ya zuƙo ruwa ta wata raga ta ƙarfe da ke gindin jirgin, fanka ta matsa shi, ya feso ta baya da ƙarfi, jirgi ya yi gaba. In ya ɗau gudu ya taso saman ruwa, yana wuce inda ruwa bai kai ƙauri ba. A 1977 Edmund Hillary, wanda ya hau dutsen Everest, ya haura kogin Ganges na Indiya da irin waɗannan jirage guda 3.

Amma fa a lura da sharaɗin: sai ya ɗau gudu. Nan ne gizo ke saƙa. Jirgin jet in an danƙara masa kaya ba ya tasowa, in kuwa bai taso ba ya nutsa kamar kowane kwale-kwale, ragar nan ta kusanci ƙasa ta dinga shan yashi. Yashi kuwa shi ne ajalin fanka, yana cinye bakinta a hankali har ƙarfin jirgi ya ragu, mai ya dinga ƙonewa a banza. Sa'an nan shi kansa injin, in an cire masa farfela aka sa jet, kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ya tafi. Injin doki 60 sai ya koma aikin doki 40. Duk wanda zai yi mana ciniki sai mu tambaye shi, lambar da ke jikin inji ta kan injin ce ko ta bakin feshi? Dillalai sun fi son faɗin babbar.

Mu kuma me muke ɗauka? Doya, buhunan shinkafa, kwandunan kifi, wani lokaci har awaki. Wannan ba kayan jet ba ne.

Sai kainuwa. Tun da irin nan mai shuɗin fure ta shigo ta wajen Badagry a 1984 ta bazu cikin ruwayen ƙasar nan. Farfela in ta naɗe ciyawa, a ɗaga inji a warware. Jet kuwa ciyawa da leda suna toshe ragar, jirgi ya tsaya cik, sai an kashe inji an zaƙulo. Tuƙinsa ma daban ne, don da feshin ruwan ake juya shi. Matuƙin da ya tsorata ya saki totur, to ya saki sitiyari ke nan. Kuma makanikan bakin ruwa da suka haddace Yamaha mai farfela, kaɗan ne cikinsu suka taɓa kwance jet, kayan gyaransa sai an yi oda.

Inda muka ga amfaninsa shi ne ɗaukar mutane kaɗan cikin gaggawa, kamar mara lafiya ko mai naƙuda daga ƙauyen da mota ba ta zuwa. In wannan ne nufin ƙungiya, a nemi jirgin alminiyon mai shimfiɗaɗɗen gindi, mara nauyi, a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa, a sa rigar ruwa ta kowane kai. Ba mu manta da Ogbaru ba, nan kusa da mu, inda jirgi ya kife a Oktoban 2022 aka rasa fiye da mutum 70.

In kuwa fatauci ne, shawarar kwamiti a tsaya kan babban kwale-kwale mai faɗin ciki da injin farfela, a riƙe gora don wuraren yashi, a rage lodi lokacin rani.

Abu ɗaya muke roƙo. Kuɗin nan gudummawar jama'a ce, har da ta mata masu sayar da abinci. Kada a biya ko kwabo sai an gwada jirgin cikin watan Afrilu, a hanyar Otuocha, da irin nauyin da za mu riƙa ɗora masa. Mai jirgin da ya ce sai dai a gwada da damina, a bar masa kayansa.