Jawabin Ɓangaren Masu Kiwon Kaji: Yadda Ake Haɗa Baƙin Kaji da na Gida

Uwar ƙungiya, shugaba da mataimakanta, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu na nan Dingaya, da baƙinmu da suka taso daga Sara da Kila da Birnin Kudu, barkanmu da wannan rana. Allah ya maimaita mana.

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana da yawun masu kiwon kaji. Muka zauna muka ce, wane abu ne ya fi cin kuɗin mace a kiwon nan bayan annoba? Bakinmu ya zo ɗaya: ranar da aka kawo sababbin kaji aka zuba su cikin tsofaffi. Mace ta ɗauki adashinta ko rancen ƙungiya, ta sayo sagaru guda 10, kafin sati ya zagayo biyu sun mutu, uku ƙeyarsu duk jini, sauran sun maƙale a lungu ba ci ba sha. Ba cuta ba ce, ba shirwa ba ce, ba muzuru ba ne. 'Yan'uwansu kaji ne suka caccake su. Bashi kuwa bai san an yi haka ba, ranar biya tana nan tafe.

Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu. Kowace ta san wadda za ta kauce wa a bakin kasko, ta kuma san wadda za ta kora. An ce wani Bature ɗan ƙasar Norwe ya rubuta wannan kimanin shekara 100 da suka wuce, duniya ta yi ta mamaki. Mu dai kakanninmu ba su riƙe alƙalami ba, amma sun sani. Idan baƙuwa ta shigo, sai an sake rabon girma, kuma da baki ake yin sa. Wadda ta taɓa zama da abokiyar zama ba sai an yi mata dogon bayani ba. (Ku bar dariya, lokaci muke ci.)

Abin ya fi muni da irin Noiler ɗin nan da ake kawo mana 'yan sati huɗu ko biyar. Tsakon kazar Hausa yana da uwa, ita ke tare masa faɗa. Shi kuwa Noiler inji ne ya ƙyanƙyashe shi, a ɗaki ya tashi gaban fitila, bai san gudu ba, bai san ɓuya ba. Ga jiki, amma ba wayo. Tsohuwar kazar gida da bai fi ta girma da komai ba sai ta hana shi sakat.

To ga yadda muke yi. Da farko baƙuwar kaza ba ta ganin na gida sai ta yi aƙalla sati biyu a ware, nesa, da kaskonta daban. Wannan saboda cuta ne, musamman wadda aka sayo a kasuwa inda kajin gari goma suka kwana a kwando ɗaya. Mu 'yan kasuwa ne, mun san abin da muke faɗa. Kaza tana iya zuwa garau alhali tana ɗauke da abin da zai share akurki, balle da hunturu, lokacin da annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil take yawo.

Bayan nan sai a kawo su tsakar gida a cikin babban kwando ko bayan ragar waya, ana ganin juna amma baki ba ya kaiwa. A zuba hatsi ta ciki da ta waje, kusa da kusa, su saba cin abinci fuska da fuska. Sati guda ya isa. Nan ne haƙurin yawancin mutane yake ƙarewa, don kwandon ya tare hanya, mai gida yana ƙorafi. A ba shi haƙuri, sati guda bai kai kuɗin kaza biyar ba.

Ranar haɗawa, a bari sai bayan isha'i, a saka su a akurki cikin duhu. Kaza ba ta gani sosai da dare, ba ta faɗa. Amma da asuba a riga su tashi a buɗe ƙofa, don in gari ya waye a rufe, wadda aka tasa ba ta da wajen gudu. Kada a saka guda ɗaya tilo, duk bakin kanta zai taru. Kada kuma a saka waɗanda ba su kusa kai girman na gida ba.

Kasko ɗaya shi ne tushen rigima. A yi uku, a rarraba su yadda babbar kaza ba za ta iya tsare su duka ba, ɗaya ma a sa shi bayan turmi ko rumbu inda ba ta hango shi. Ruwa ma haka, musamman da bazara, don zafi da ƙishirwa da cunkoso suna ƙara musu zafin rai. A jingina tsohon zana ko karan dawa a bango ya zama maɓoya. Sannan dusa zalla ba ta riƙe kaza. Idan kika ga suna tsigar gashin juna suna haɗiyewa, jikinsu ne yake neman abin gina shi. A daka ƙuliƙuli a gauraya, a nemo gara, a rataya ganyen zogale ko yakuwa su yi ta tsalle suna tsinka. Bakin da ya sami aiki ba ya neman ƙeyar wata.

Yanzu ga inda muke so a buɗe kunne. Ba kowane sara ne abin tayar da hankali ba. A kora, a sara sau ɗaya, ƙaramar ta kauce, wannan rabon girma ne, cikin sati ɗaya ko biyu zai lafa. A nan sai a bar kaza cikin gashinta. Amma da zarar jini ya fito, magana ta canza. Kaza in ta ga ja ba ta bari, har waɗanda ba ruwansu da faɗan za su taru. A ɗauke mai ciwon nan take, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a shafa maganin nan mai launin shuni da ake kira GV, kada ta koma sai ta warke. A riƙa duba ƙarƙashin wutsiya ma, don masu fara ƙwai nan ake cakarsu, kuma shi ne mai kisa.

In kuwa kaza ɗaya ce ta addabi kowa, ita za a kama, ba waɗanda take zalunta ba. A kife ta a kwando inda ba ta ganin sauran, kwana uku ko huɗu. In ta dawo za ta tarar an raba girma babu ita. Wadda ta koma halinta har sau biyu, mu a ganinmu ba ta da wani magani sai kasuwar Sara ko tukunya.

Saura maganar rigakafi. Akwai na ɗigawa a ido da ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, ana maimaita shi duk bayan wata uku ko huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta ba ta kwana. Shi ya sa muke roƙon a haɗa kuɗi unguwa-unguwa a yi rana ɗaya kafin sanyi ya shigo. Mai so ta ba ma'aji sunanta da yawan kajinta kafin a tashi. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci, kowace ta rubuta nata da hannunta, malama tana nan tana kallo.