Alhakin Ma'aikaci Yana Wuyan Mai Wurin Aiki

Jama'a masu sauraro, musamman mutanen Limanti da Shehuri da sauran unguwannin cikin garin Maiduguri. Yau da masu ɗaukar mutane aiki nake magana: mai shago a Monday Market, mai makarantar kuɗi, mai gidan abinci, har da ƙungiyoyin agajin da suka cika garin nan.

Ku duba yarinyar da ke zaman shago. Magariba ta gabato, kowa ya tashi, sai manaja ya ce ta tsaya za a yi lissafi. Lissafi ya koma kama hannu. Da dare kuma saƙonni suna ta shigowa wayarta. In ta ƙi, washegari a ce kuɗi ba su cika ba, a zabge mata albashi. Ta kai kuka gida, a ce, "Yi haƙuri 'yata, aiki ya yi wuya." Kuma ya yi wuyar. Tun ambaliyar Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, gidaje da dama sun koma dogaro da ɗan albashin mutum guda. Da wannan tsoron mai cin zarafi yake cin kasuwarsa.

To, Alhaji, Hajiya, doka ba ta ce a yi haƙuri ba. Gyaran tsarin mulki na 2010, a sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar cin zarafi da neman lalata a wurin aiki. Ƙa'idojin kotun na 2017 sun fayyace abin: taɓa jiki, maganar batsa, nuna hotunan banza, da cinikin nan na "ki ba ni haɗin kai in ƙara miki girma". A nan Borno kuma, Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane a 2022.

Ga shari'ar da nake so kowane mai wurin aiki ya riƙe. A 2013 wata ma'aikaciyar kamfanin Microsoft a Legas ta yi nasara a wannan kotu. Shugabanta ne ya matsa mata, da ta ƙi sai aka sallame ta. Kotu ba ta tsaya kan shugaban kaɗai ba. Ta haɗa da reshen kamfanin na Najeriya da uwar kamfanin ta Amurka, ta ce kowannensu ya biya ta sama da naira miliyan 13, domin kare ta nauyi ne a kansu, suka kasa saukewa. Kun ji ke nan, "ba ni na yi ba, manajana ne" ba ta fid da mutum.

Saboda haka kada ka jira sai ta ɓaci. Tara ma'aikatanka ka faɗa musu da bakinka abin da ba ka yarda da shi ba, ka rubuta ka manna a bango. Abin da ya fi damuna shi ne wurin kai ƙara. A wurare da yawa wanda ake kai wa kukan shi ne mai laifin. Ka samar da wata ƙofa daban, in da hali mace mai mutunci wadda yara mata za su iya buɗe wa ciki. In ƙara ta zo, ka bincika cikin sirri, kada ka tara jama'a kana yi wa yarinya tambayoyin kunya, kada kuma wadda ta yi ƙara ta zama ita ce ta rasa aiki.

Maganar ba ta mata kaɗai ba ce. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2022, ta haɗa da masu koyon sana'a da masu neman aiki. Yaron garejin da ake mari, ana zagar masa uwa a gaban abokan ciniki, shi ma yana ciki.

Ke kuma 'yar'uwa da abin ya shafa, kada ki goge saƙonnin nan. Rubuta rana da wuri, ki shaida wa wani da kika yarda da shi. In wurin aiki ya toshe kunne, akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a nan Maiduguri, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ki tafi da wayarki da takardar ɗaukarki aiki, in an ba ki.