Ɗafa-ƙeyar "-ism" ta Ingilishi da Matsalar Fassara



A cikin Ingilishi akwai ɗafa-ƙeyar "-ism", wadda asalinta daga Girkanci ne, ana kuwa liƙa ta a ƙarshen kalma domin a samar da ɓoyayyen suna. Siffarta ɗaya ce, amma ma'anarta ta kasu aƙalla gida huɗu. Takan nuna aƙida, kamar a capitalism da socialism. Takan nuna hali, kamar a heroism da tribalism. Takan nuna sana'a, kamar a journalism. Har ila yau takan nuna ciwo, kamar a rheumatism.

Hausa ma tana da nata ɗafe-ɗafen: "-ci" a cikin adalci da jahilci, "-taka" a cikin dangantaka da samartaka, sai "-anci" a cikin Katsinanci da Zazzaganci. Mutumin Funtuwa, da yake garinsa na ƙasar Katsina ne amma kusa da Zazzau, da ya ji "-anci" abin da zai fara zuwa masa shi ne harshe ko ɗabi'ar wasu mutane. Saboda haka ne "ƙabilanci" ta zauna daram, domin hali take nunawa. Amma da wani zai ƙago "jarinci" a madadin capitalism, ba wanda zai gane inda ya dosa. Hausawa sun ce "jari-hujja", watau mai jari shi ke da ta cewa, kuma manomin audugar da ya taɓa ciniki da dillali ba ya bukatar ƙarin bayani. Haka socialism ta zama gurguzu, heroism jarumtaka, journalism aikin jarida, rheumatism kuwa sanyin ƙashi.

Wannan magana ta wuce ɗakin karatu. A 1975 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya. Takardun irin wannan shiri da Ingilishi ake rubuta su, manoma kuwa da Hausa malamin gona yake yi musu bayani. In fassara ta karkace, umurni ya karkace, asarar kuwa a gonar talaka take faɗawa.

Don haka wajibi ne mai fassara, ɗalibi ne ko ma'aikaci, ya fara tantance ko aƙida ce, ko hali, ko sana'a, ko ciwo kalmar take nufi, sa'an nan ya nemi yadda Bahaushe yake faɗin abin a kasuwa da zaure.