Gigin tsufa: me ke taruwa a ƙwaƙwalwar dattijo?

 Wani mai sauraronmu ya kira mu a makon jiya kan mahaifinsa. Dattijon nan ya shekara arba'in yana kora raƙuma, babu rijiyar da bai sani ba a hanya. Yau ga shi ya fita masallacin unguwa ya kasa gane ƙofar gidansa. Ɗan ya ce: "Tsufa ne, ko jifa aka yi masa?"

To ɗan uwa, mantuwar da ta kai mutum ya ɓace a unguwarsu ba tsufa kaɗai ba ce, ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'i guda ne, wato cutar Alzaima.

Sunan na wani likitan Jamus ne, Alois Alzheimer. A 1906 ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan shekaru tana ruɗewa, ya ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar. Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong a Amurka suka gano abin da ke dunƙulewar: wani guntun furotin ne mai danƙo da ake kira amiloid bita. Kowa jikinsa na yin sa, kuma ƙwaƙwalwa mai lafiya tana share shi. Kun san yadda rairayi ke cike rijiyar da aka daina yashewa? Haka yake taruwa a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin iyali su ga alamar farko. Daga baya wani furotin, tau, ya cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin, su fara mutuwa.

Sai dai fa magana ba ta ƙare a nan ba. An sami tsofaffin da suka rasu da hankalinsu garau, aka duba aka tarar da dunƙulen cike da ƙwaƙwalwarsu. Sannan akwai binciken da aka fara a 1992, aka kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanapolis a Amurka. Sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna masu kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na can ba. A Ibadan ɗin kuwa hawan jini da ciwon suga da kitsen jini sun fi ƙaranci. Ke nan lafiyar jijiyoyin jini ma tana da hannu a ciki.

Magani fa? A 2023 Amurka ta amince da wani mai suna lekanemab, wanda ke kwashe amiloid ɗin. A 2023 ɗin, ƙarin ruwa ake yi da shi duk bayan mako biyu, kuɗinsa kuma dala 26,500 ne a shekara. Ba ya warkarwa. Saurin lalacewar kawai ya rage da kashi 27 cikin ɗari a wata 18, ga masu farkon ciwo, kuma yakan jawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. Don haka duk wanda ya tare ku a kasuwa ko a tasha da kwalba, wai maganin wanke ƙwaƙwalwa, ku riƙe kuɗinku. Kada ku sayar da raƙumi a kan wannan.

Abin da ke hannunku ya fi wannan araha. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon ana iya hana shi ko jinkirta shi. Ku auna jini da suga duk sanda kuka shigo gari. Ku bar sigari. Kunnen da ya yi nauyi da idon da ya yi yana, a kai su ga likita. Direbobi da masu hawa saman kaya, ku kiyayi buguwar kai.

In kuwa ciwon ya riga ya shigo gida, ga abin yi. Kada a bar baba ya fita kiwo ko ya hau mota shi kaɗai, domin ɓata a sahara ba irin ɓata a gari ba ce. A rubuta sunansa da lambar wayar ɗansa da Hausa da Larabci, a ɗinke a rigarsa. Bashin da ake binsa da wanda yake bi, a rubuta su gaban shaidu tun yana iya tunawa, kafin zumunci ya ɓaci. Kada a ɗaure shi, kada a yi masa tsawa, kuma kada a ce da tsohuwa mayya don tana sambatu.

Abu na ƙarshe, ku riƙe shi da kyau: ciwon nan a hankali yake zuwa. Dattijon da ya kwana lafiya ya tashi a ruɗe, wataƙila ƙishirwa ce, ko zazzaɓi, ko ciwon fitsari, ko suga, ko shanyewar ɓarin jiki. Wannan a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a jira.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.