Fuskar Ma'aikaci: Jawabi Don Tunawa da Aikin En'e



In ana tuna aikin En'e, abin da a kan fara ambata shi ne gine-gine da littattafai da lissafin kuɗi. A kan ce an kafa Baitulmali na farko a Katsina a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga nan aka yanka wa hakimai da alƙalai albashi. A kan ce dokar kotunan ƙasa ta 1933 ta kasa kotuna daraja huɗu, kowace da iyakar ikonta. Duk wannan gaskiya ne, yana kuwa rubuce. Amma akwai wani abu guda wanda ba a taɓa shigar da shi cikin littafin Ma'aji ba, ga shi kuwa talaka ya fi saninsa da kome, watau irin fuskar da ma'aikaci ya fito da ita daga gida da safe.

A dubi zauren alƙali. Mutum ya taso daga ƙauye tun asuba, ya yi tafiyar mil 15 a ƙasa, domin ya ba da shaida a kan iyakar gona. Bai taɓa tsayawa gaban hukuma ba. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya ɗaga ido. Kadan ya tarar alƙali ya sake fuska, sai numfashinsa ya komo, ya faɗi abin da ya gani daki-daki, har ya tuna kukar da ke bakin iyaka da shekarar da aka sare ta. Kadan kuwa ya tarar an murtuke, an daka masa tsawa a kan ya gajarta, to, rabin shaidar nan ta tsaya a maƙogwaro, sai ya riƙa cewa i ga duk abin da aka tambaye shi, don dai ya samu ya fita. Magatakarda kuma abin da kunnensa ya ji shi zai rubuta. Da haka ɓacin ran da aka kwana da shi a cikin gida, watakila a kan cefane, ya kan shiga littafin shari'a, ya zama hukunci, gona ta bar hannun mai ita. Matar da ta zo neman rabuwa da miji ta fi kowa shan wannan wuya, gama ita tun daga ƙofa kunya ta riga ta ɗaure mata harshe.

Magabata ba su jahilci wannan ba. Hadisi ingantacce, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, ya hana mai hukunci ya yanke shari'a yana cikin fushi, malaman Malikiyya kuwa suka haɗa da yunwa mai tsanani da ƙishirwa da gyangyaɗi, da dukan abin da ke raba mutum da natsuwa. Sayyidina Umar, cikin wasiƙarsa ga Abu Musa al-Ash'ari, ya umurce shi da ya daidaita masu husuma har a wajen kallo da wurin zama, ya kuma gargaɗe shi game da ƙosawa da mutane. Abin lura a nan shi ne, an lissafa fuska cikin kayan adalci, daidai da shaidu da rantsuwa.

Ba a zauren shari'a kaɗai abin ya tsaya ba. Fushi gangara ya ke bi, kamar ruwa. A zamanin En'e, lokacin haraji, in Di'o ya yi wa hakimi faɗa a kan jinkiri, hakimi ba shi da bakin mai da martani, sai ya juya kan dagatai. Dagaci ya sauke a kan mai unguwa, mai unguwa ya tasam ma maigida, a kama akuyarsa, shi kuma ya shiga cikin gida ya huce a kan iyali, waɗanda ba su ko san an yi wani Di'o ba. Gundumar da aka san hakiminta da zafin rai, mutane su kan sulale da kaka su koma ƙasar wani, baɗi a zo ƙidaya a ga kai ya ragu, a yi ta binciken dalili cikin takardu.

Kada fa a ɗauka fara'a ita ce adalci. An yi ma'aikata masu washe baki ga kowa, hannu kuwa yana miƙe ta ƙarƙashin riga yana jiran gaisuwa, irin wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Haɓe a kanta cikin Kitabul Farƙi. An kuma yi alƙalai masu kwarjini, waɗanda ba a cika ganin haƙoransu ba, amma gajiyayye ya kan fita daga gabansu da sanyin zuciya, domin an saurare shi har ya kai aya. Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma, haka ne, amma wadda ake nufi ita ce wadda ba ta sake kama in an fita daga kan attajiri an komo kan mai tsumma.

Da Malam Abubakar Tafawa Balewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa, a Kaduna, cikin watan Agusta na 1950, ya nemi a gyara tsarin En'e, babban kukansa shi ne nisan da ke tsakanin talakawa da masu mulkinsu, da tsoron da ya hana su kai ƙara. Doka ta biyo baya a 1954. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 kuma ƙananan hukumomi suka maye gurbinta. Sunaye sun sake, teburori sun sake, amma mai neman takardar shaidar haihuwa, da mai jiran a kira ƙararsa, har yanzu idon akawu su ke fara dubawa kafin su buɗe baki.

Dattawan alƙalai suna da wata dabara wadda ta kamata a tuna da ita. In ɗayansu ya ji ransa ya soma ɓaci, sai ya ɗaga shari'a, ya tashi ya yi alwala, ya ɗan zauna a inuwa, sa'an nan ya komo ya ce a sake karanta masa maganar mai ƙara tun daga farko. Jinkirin bai kan wuce rabin sa'a ba, masu jira a waje kuma sun san abin da ake nufi da shi, ba su yin gunaguni.

Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin ma'aikatan nan, Allah ya jiƙansu.