Hananiya, Safiratu da Takardar Haraji

Karatunmu na yau yana cikin Ayyukan Manzanni sura 5, aya 1 zuwa 11, labarin Hananiya da matarsa Safiratu. Wani zai ce, Pasto, me ya haɗa wannan da haraji? Ku biyo ni a hankali.

Dattawanmu suna tune da zamanin haraji da jangali, sa'ad da mai unguwa yakan bi gida gida yana ƙirga magidanta, ana kuma ƙirga shanu. A 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke su. Yanzu ba mai zuwa ƙofarka ya ƙirga ka. Kai ne za ka zauna, ka rubuta abin da ka samu cikin shekara, ka sa hannu cewa gaskiya ne, ka kai wa hukumar haraji ta jihar da kake zaune kafin 31 ga Maris ta wuce.

Sabuwar dokar harajin Nijeriya ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026. Naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari, haka yake hawa har kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Wato in abin da ya rage maka bayan rangwame naira 1,800,000 ne, harajinka 150,000 ke nan.

Kafin ka cika takarda, tara takardun albashinka, da bayanin asusunka na banki, da rasit na kuɗin haya. Doka ta yarda ka cire abin da ka zuba a fansho, da asusun gidaje na ƙasa, da inshorar lafiya, da ta rai. Mai zaman haya kuma yana cire kashi 20 cikin ɗari na hayarsa, amma kada ya wuce naira 500,000. Ɗan'uwana, karɓi rangwamenka, ba zunubi ba ne. Bulus ma da za a yi masa bulala a Urushalima, ai bai yi shiru a kan 'yancinsa na ɗan Roma ba.

Albashi ba ya ɓoyuwa, tun daga ofis ake cire harajinsa. Gwajin yana wurin sauran: ɗakunan da ka ba haya, kajin da kike kiwo a bayan gida, shagon kasuwa, babur ɗin da yaro ke kawo maka kuɗinsa kowace yamma. Hananiya ya sayar da fili. Bitrus ya tuna masa cewa filin nasa ne, kuɗin ma a hannunsa suke, ba wanda ya tilasta shi. Laifinsa shi ne ya kawo wani kashi ya nuna kamar duka ke nan. Safiratu kuwa tambaya ɗaya aka yi mata, a kan adadin kuɗin, ita ma ta tsaya a kan ƙarya. Mata da miji suka shirya lissafi ɗaya a ɗaki. Hukumar haraji ba ikkilisiya ba ce, amma hannun da ke sa hannu a takardar nan shi ne kake ɗagawa ran Lahadi.

Na san abin da ke zuciyar wasu: mu biya su cinye? Tambaya ce mai nauyi, hanyoyinmu da asibitocinmu shaida ne. Amma sa'ad da Bulus ya rubuta Romawa 13 yana umartar masu bi su biya haraji, Niron ne ke sarautar Roma. Wanda ya biya kuwa yana da bakin tambayar inda kuɗinsa ya tafi. Ku ma'aikatan haraji da ke jina, Yahaya Maibaftisma ya gargaɗi irinku cikin Luka 3 kada su karɓi fiye da ƙa'ida. Mu pastoci ma kada mu fake da bagade. An ɗauke wa ikkilisiya haraji a kan baiko da zakka, amma ba a ɗauke wa albashin pasto ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka tuna da 'yan'uwa da lissafin nan ke hana su barci, ka biya bukatunsu. Ka ba masu riƙe da baitulmali tsoronka. Cikin sunan Yesu, amin.